Mita Mai Allura ko Mai Lamba? Jagora ga Masu Koyon Aikin Wuta da Sola

Ranar kasuwa wani yaro da ya yi shekara guda a hannuna ya shigo shago riƙe da mitarsa a cikin leda. Tun kafin ya kwance ledar ƙaurin roba ya riga shi isowa. Jar wayar ta narke ta manne da baƙar, bayan mitar ya kumbura. Ya ce, “Maigida, wallahi jabu suka sayar mini. Batir kawai na taɓa.” Na karɓa na juya ta, sai ga jar waya cuse a ramin da aka rubuta 10A. Ashe da hantsi ya auna ƙarfin farantin sola, ya manta bai mai da wayar ramin bolt ba, da la'asar ya ɗora ta kan babban batir. A wannan ramin mita ba komai ba ce face guntun ƙarfe mai kauri da ya haɗa jar waya da baƙa. Ke nan da hannunsa ya haɗe kawunan batirin guda biyu. Allah dai ya tsare masa ido.

Ba shi ne na fari ba. Aikin wuta a ƙauyukan Korgom ya fi ƙarfin waɗanda suka iya shi: shagon cajin waya, firjin mai sayar da ƙanƙara, lasifikar masallaci, famfon rijiyar burtsatse, ga fitilun cikin gida. Abin ya ƙara bunƙasa tun watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Babban layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram, ya yi shiru har watan Maris na 2024, mutanen birni suka afka wa sola, farantai suka cika kasuwa har suka malalo ƙauye. Duk wanda ya iya murɗa waya biyu ya zama mai haɗa sola. Ba na baƙin ciki da haka, arziki ne. Amma ina tuna wa yara cewa Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a nan Tasawa aka haife shi a 1929, kuma shi ya jagoranci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa tun kafin a haifi iyayensu. Mutumin awo ne. Ƙasar da ta fitar da shi bai kamata a ce ƴaƴanta da harshe suke ɗanɗana waya don su san ko batir na da caji ba.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, wace mita zan saya, mai allura ko mai lamba? Amsata a taƙaice: ka fara da mai lamba, in ka samu hali ka ƙara da mai allura, domin kowace tana da inda take makancewa.

Kayan da za ka tanada

Mita mai lamba ɗaya, da batir mai bolt 9 na ajiya da fis ɗinta na canji. Mita mai allura. Wayoyin awo masu kariyar yatsa, da ƴan matse masu haƙora don hannunka ya huta. Ƙwan fitila irin na da mai zare a ciki, a haɗe da soket da waya biyu, na gwajin wutar gida, da kuma ƙwan fitilar mota mai wat 55 na gwajin batir. Mita mai baki, wadda ake kira kilam, in aikinka ya kai ga famfo da manyan farantai. Takalmin roba busasshe, tabarau, bargo ko babban kwali na rufe faranti, da ɗan littafi da biro. Tasta, wato sukundireban nan mai ƴar fitila, ba na hana ka riƙe ta, amma kada ka ɗora ranka a kanta.

Mataki na 1: Ka san abin da ke cikin kowace

A cikin mai allura akwai naɗin waya siririya kamar gashi, a rataye tsakanin kawunan maganaɗisu. Wuta ta ratsa naɗin sai ya juya, allurar ta juya tare da shi, ɗan sifirin ya riƙa ja da baya. Wani Bafaranshe mai suna d'Arsonval ya tsara wannan a 1882. A 1923 kuma wani injiniyan gidan waya a Ingila, Donald Macadie, da ya gaji da jidon na'urori daban-daban, ya haɗa awon amfiya da bolt da om a akwati guda, aka kira shi AVO. Abin lura shi ne, wutar da ke motsa allurar daga cikin abin da kake aunawa take tsotso ta. A kusurwar fuskarta za ka ga an rubuta 20kΩ/V. Ma'ana, in ka sa ta a gurbin bolt 10, nauyin om dubu 200 ka ɗora wa layin. Wannan tsotso aibi ne a cikin rediyo ko kwantirola, inda ƴar wuta kaɗan ke aiki, amma alheri ne a wayoyin gini, kamar yadda za mu gani.

Mai lamba kuwa ba ta cin komai daga layi sai abin da ba a rasa ba. Nagartacciya om miliyan 10 take, mai arahar nan DT-830 miliyan ɗaya. Da batirinta take aiki, takan leƙa layin sau biyu ko uku a daƙiƙa ta rubuta abin da ta gani. Tun da kamfanin Fluke ya fito da ta hannu a 1977 ta yi ta ture mai allura daga jakar masu gyara. Mai lamba ta fi faɗin nawa ne daidai, mai allura ta fi nuna abin da ke motsi.

Mataki na 2: Ka zaɓa bisa aikin da ke gabanka

Mafi yawan kiran da ake yi mana na bolt 12 ne, kuma a nan mai allura ba ta da ta cewa. Ga dalili. Irin wadda ta fi yawa a kasuwa, YX-360 da ƴan kwaikwayonta, daga gurbin bolt 10 sai na 50. Batir mai bolt 12 ya fi ƙarfin na 10, tilas ka hau na 50. Kuskuren da masu ƙera ta suka yarda da shi kashi 3 cikin ɗari ne na dukan ma'aunin, ba na abin da ka auna ba. Kashi 3 na 50 bolt ɗaya da rabi ke nan. To, tsakanin cikakken batir da wanda aka sha rabinsa bambancin bai wuce rabin bolt ba. Yaya za ka auna zinari da sikelin buhun gero? Mai lamba a gurbin 20 za ta ba ka 12.64 ko 12.18, ka san inda ka dosa.

Mai allura ranarta na zuwa in ana neman waya mai sako-sako, ko janareto mai hawa da sauka, ko wutar ƙarya a bango, ko gwajin lasifika. Bugu da ƙari tana auna bolt ko da batirinta ya mutu, wanda ba ƙaramin abu ba ne in kana wani ƙauye da ba mai sayar da batir mai bolt 9.

Mataki na 3: Abin dubawa kafin ka biya

Ko a Tasawa ka saya, ko Maraɗi, ko ka ba wani saƙo Sabon Garin Kano, ka sa a buɗe bayanta a gabanka. Fis nake so ka gani. Na ƙwarai farar tangaran ce cike da yashi, yashin ke haɗiye tartsatsi in ta ƙone. Ta gilas fashewa take yi. Sa'an nan ka karanta abin da aka rubuta gefen ramin 10A. In ka ga UNFUSED, to babu fis a wannan hanya sam, irin ta yaron nan ke nan.

Ka duba rubutun CAT. CAT II na soket ne da kayan da ake jonawa, CAT III na allon raba wuta na cikin gini, CAT IV na inda wuta ke shigowa daga turke. Ba yawan bolt na kullum yake nufi ba, ƙarfin bugun da mitar za ta iya shanyewa ne, irin wanda tsawa ke turowa ta waya da damina. Sai dai buga CAT III a fuskar roba ba ya cin kuɗi. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, ka ga ko ramukan sun nutse ciki yadda yatsa ba zai kai ƙarfe ba, ka lanƙwasa wayar ka ji ko akwai nama a ciki. Ra'ayina dai shi ne, mai araha ta isa ga batir da fitila da rediyo, ba na raina ta, da irinta na ci abinci shekaru. Amma kada ka kai ta wurin mitar kamfanin wuta na Nigelec ko layi uku. Araha ba ta ado.

In kilam za ka saya, ka tabbata tana auna amfiyan DC. Masu araha amfiyan AC kaɗai bakinsu ke ji. Da yawa sun sayo don aikin sola, suka matsa ta a wayar batir ta nuna sifili, suka zaci kwantirola ce ta mutu.

Mataki na 4: Ka gwada mitar kafin ta gwada maka komai

Wannan na koye shi da kuɗina. Wani Alhaji mai shagon cajin waya ya kira ni, wai batirinsa ba ya kai dare. Na auna da tsakar rana, mita ta ce 16.1. Na ce, “Alhaji, kwantirolar nan dafa maka batir take yi, a canza ta.” Ya aika aka sayo sabuwa, na ɗaura, na sake aunawa: 16.1. Gumi ya karyo mini. Sai a lokacin idona ya kai kan ƴar alamar batir a kusurwar gilashin mitata. Mai lamba mai araha in batirinta ya yi sanyi ba ta mutuwa nan take, ƙara lamba take yi, domin ma'aunin da take kwatanta komai da shi ne ya ragu. Tsohuwar kwantirolar lafiyarta lau. Alhaji bai ce komai ba sai “To, Malam, haka Allah ya so,” wanda ya fi zagi ciwo. Ni na biya kuɗin sabuwar.

Saboda haka kowace safiya ka kunna ta ka duba alamar batir. Ka sa ta a om mafi ƙanƙanta, ka haɗa kawunan wayoyin biyu: ka ga 0.2 zuwa 0.5. Ka murza wayar daga tushe har baki, in lambar ta yi tsalle to ta karye a ciki. Waya karyayya sifili take nunawa a kan layi mai wuta, kuma wannan sifilin ya sha kashe mutane. Shi ya sa doka take uku: ka gwada mitar a inda ka san akwai wuta, ka gwada layin da za ka taɓa, ka koma ka sake gwada ta a wurin farko.

Mai allura a kwance take aiki, ba a jingine ba. Ka juya ƴar kusar da ke tsakiyar fuskarta har allura ta zauna kan sifili. Madubin da ke cikin ma'aunin ba na ado ba ne: ka motsa kanka har allurar ta rufe inuwarta, sa'an nan ka karanta. Da hunturu kuma, in ka goge fuskar da hannun riga, sai ka ga allura ta tashi ta maƙale ba tare da an jona komai ba. Ba aljanu ba ne, bushewar iska ce ta sa robar ta ɗauki caji. Ka hura mata numfashi ko ka shafa tsumma mai laima, za ta sauko.

Mataki na 5: Batir

Ka cire zoben azurfa da agogon ƙarfe tukuna. Zobe ya haɗa kan batir da sufana zai yi ja kafin ka fizge hannu. Kada kuma ka yi tartsatsi kusa da batir mai ruwa da ke kan caji, iskar da yake fitarwa tana kamawa.

Jar waya a ramin V, baƙa a COM, gurbin DC 20. Kuskuren da ya fi yawa shi ne aunawa da rana tsaka ana caji. A lokacin 13.8 zuwa 14.4 za ka gani, kuma wannan muryar faranti ce, ba ta batir ba. Ka raba shi da caji da kaya, ka bar shi ya huta awa biyu ko fiye. Batirin dalma cikakke 12.6 zuwa 12.7 yake bayarwa. Wajen 12.2 an sha rabi. Ƙasa da 12.0 ya kusa ƙarewa, kuma in kullum can ake kai shi ba zai yi tsawon rai ba. In ka ga ya tsaya wajen 10.5 duk cajin da aka yi masa, to ɗaya daga ɗakunansa shida ya mutu, tunda kowane ɗaki bolt 2.1 yake riƙewa.

Bolt kaɗai bai isa shaida ba. Tsohon batir kan nuna 12.7 kamar saurayi, a ɗora masa kaya ya durƙushe. Ka jona ƙwan motar nan, ka bar mitar a kai, ka zuba ido minti biyar. Lafiyayyen babban batir zai ɗan sauka ya tsaya. Gajiyayye zai yi ta gangarowa. In batir biyu ne a jere na bolt 24, kowane ka auna shi daban, don 25 na iya zama 13.5 da 11.5. Batirin litiyam na zamani kuwa wajen 13.2 zuwa 13.3 yake zama kusan duk tafiyarsa, sai dab da ƙarewa ya faɗi, don haka waɗancan lambobi ba su shafe shi ba.

Kafin ka yanke wa batir hukunci, ka auna a bakinsa, ka je ka auna a bakin kayan, suna kunne. Sau da yawa ɓarawon waya ne. Amfiya 10 a cikin wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5, nisan mita 10 zuwa da 10 dawowa, fiye da bolt 2 take zubarwa a hanya. A wutar 220 ba wanda zai ji, a ta 12 firji ya tsaya ke nan. In kuwa wayar ta alminiyon ce da aka shafa wa jan ƙarfe, asarar ta fi haka. Ka kankare ta da wuƙa, in cikin fari ne ka gane.

Mataki na 6: Farantin sola

Ka karanta takardar bayansa, ka rubuta Voc, wato bolt ɗinsa in ba a jona masa komai ba, da Isc, wato amfiyarsa in an haɗe kawunansa. Ka cire shi daga kwantirola, kuma kullum faranti ake fara cirewa kafin batir, wajen haɗawa batir ake fara sawa. Ka fuskantar da shi rana wajen ƙarfe sha biyu. Ƙaramin faranti mai gida 36 an rubuta masa bolt 21 ko 22, amma a kan kwano da bazara 19 ko 20 za ka gani. Ba lalacewa ba ce. Lambar takarda a zafin digiri 25 aka auna ta, farantin da ke kan rufinka kuwa yakan haura 60, kuma kowane digiri yana rage kusan kashi 0.3 cikin ɗari. In ka juya wayoyin, mai lamba alamar ɗebewa kawai za ta nuna, ta ma gaya maka wane kai ne wane. Mai allura kuwa da ƙarfi za ta doki turken hagu, wani lokaci ta lanƙwashe.

Bolt na faranti mayaudari ne: fasasshe ma, ko wanda ke inuwar bedi, yakan nuna kusan cikakke. Amfiya ce ke tona asiri. Ka rufe shi da bargo, ka mai da jar waya ramin 10A, ka matsa wayoyin a kawunansa, ka yaye bargon, ka karanta cikin daƙiƙa kaɗan, ka sake rufewa, ka cire. Sa'an nan, kafin ka amsa sallamar kowa, ka mai da jar waya ramin V. Faranti ba ya cutuwa da wannan gwaji domin ba zai iya ba da fiye da ƙarfinsa ba. Batir ba shi da wannan iyaka, shi ya sa ba a taɓa yi masa haka.

Mai wat 100 zai ba ka amfiya 5 zuwa 6 da rana mai kyau. Ka ninka Voc da Isc, ka ɗauki kashi uku cikin huɗu, ka samu kusan ainihin ƙarfinsa. Da wannan ɗan lissafi na sha kama farantin da aka liƙa wa takardar 300 alhali bai wuce 100 ba. Ka auna kafin a wanke ƙurar hunturu da bayan an wanke, a gaban mai gidan, ya gani da idonsa. Daga ranar ba sai ka roƙe shi ya riƙa sa yara suna gogewa ba.

Manyan farantai masu wat 500 da ɗoriya suna ba da amfiya 13 ko 14, sun fi ƙarfin ramin 10A, sai kilam. Jerin farantan famfo kuma ɗaruruwan bolt ne na DC, kuma DC in ta ja tartsatsi ba ta saki, ci take yi kamar walda. Kada ka zare mahaɗarsu famfo na aiki.

Mataki na 7: Wutar gida, janareto da inbata

Wutar Nigelec 220 zuwa 230 ce tsakanin waya mai wuta da nutural, 380 zuwa 400 tsakanin layi da layi. Gurbin AC, kuma ga mai allura ka fara daga mafi girma ka sauko. Ka matse baƙar waya da ɗan matse, ka yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu, don kada wuta ta bi ta ƙirjinka.

A nan mai lamba ke ruɗa yara. An kashe layi, amma ta ce 70 ko 90, tasta ma ta ɗan kawo haske. Wayar ta yi doguwar tafiya a cikin bututu ɗaya da mai wuta, sai ta ɗauki warinta, kamar tufar da ta kwana kusa da turare. Mai lamba ba ta tsotsar komai, don haka ta ɗauki warin a matsayin wuta. Ka ɗora mai allura, za ka ga yawanci ya zube. Ka jona ƙwan nan mai zare ka sake aunawa: in ya koma sifili wutar ƙarya ce, in ya tsaya akwai inda wuta ke shigowa da gaske, ka nemo shi. Wasu mitoci masu tsada suna da gurbin LoZ na wannan aiki. Tasta kuwa takan yi ƙarya ta fuska biyu, ta kama inda babu, ta ƙi kamawa inda akwai in kana kan busasshen katako, ko hasken rana ya hana ka ganinta.

In a gida mai layi uku wani ɗaki fitilu na ƙonewa wani kuma sun dushe, ka auna kowane layi da nutural. In wani ya haura 260 wani ya faɗi, nutural ce ta katse. A kashe komai nan take.

Janareto mai shaƙewa, lambobi rawa kawai za su yi maka, amma allura za ta nuna yadda yake hawa da sauka tare da kukan injin. Inbata mai araha kuma, wadda wutarta ke fita bene-bene ba lanƙwasa sumul ba, mitar da ba a rubuta wa TRUE RMS ba tana iya cewa 180 ko 190 alhali 230 take bayarwa. Mai allura ma haka take faɗa wa wannan rami. Kada ka buɗe inbata ka murɗa komai saboda wannan lambar. Kilam kuwa waya ɗaya tak ake sa mata a baki. In ka haɗa biyun, mai zuwa da mai dawowa sun kashe juna, sifili za ka gani.

Mataki na 8: Om, kwandansa da lasifika

Ba a auna om a kan abu mai wuta, ko kaɗan. A nan mitar ce ke tura tata ƴar wutar, in ta haɗu da ta waje sai ƙauri. Ka cire ƙafa ɗaya ta abin da kake aunawa, kada ka riƙe bakin ƙarfen biyu da yatsu, in ba haka ba jikinka ka haɗa a lissafin.

Ga mai allura, ma'aunin om a juye yake, sifili na dama. Duk lokacin da ka canza gurbi ka haɗa wayoyin ka murɗa maɓallin gefe har ta kai sifili, in ta ƙi kaiwa batir ya yi sanyi. Ka kuma sani cewa a gurbin om baƙar wayarta ce ke fitar da ƙari, akasin mai lamba. Wanda bai san wannan ba diyod a juye zai riƙa karantawa.

Kwandansan fanka ko na famfo, ka sauke masa caji ta ƙwan fitila tukuna. Ka ɗora mai allura a ×1k ko ×10k: lafiyayye zai sa allura ta zabura ta dawo a hankali, mai haɗewa a ciki zai riƙe ta a dama, matacce ba zai motsa ta ba. Wannan yana nuna mai rai ne, bai nuna ko ya rage ƙarfi ba, sai mai lamba mai gurbin µF ta faɗa. Lasifikar masallaci kuwa, ×1, ka ɗan taɓa ka ɗaga. In ta yi “ƙwas-ƙwas” naɗinta na nan, ka koma neman laifi a waya ko amfilifaya kafin ka sa ladan ya hau soro a banza.

Mataki na 9: Inda duk biyun suka gaza

Famfon cikin rijiya in yana ta tsinke wuta, ƙila rigar wayarsa ce ta sha ruwa. Mita da ƴan bolt kaɗan take gwadawa, sai ta ce lafiya, alhali rigar sai an matsa mata ɗaruruwa take yoyo. Wannan aikin mega ne, wadda ke tura bolt 500. Ba kowa ke da ita ba, aro ake yi ko haya. Ka cire wayoyin daga kwantirolar famfo tukuna, in ba haka ba ka ƙone ta. Ka auna tsakanin kowace waya da ƙasa. Sabon inji a cikin ruwa da wayarsa ya kamata ya haura om miliyan 2. In ya faɗi ƙasa da rabin miliyan, a fito da shi, kuma ka fara duba mahaɗar da aka naɗe da salatif kafin ka ce injin ne. Bayan gwaji ka taɓa wayoyin da ƙasa, doguwar waya tana riƙe caji.

Mataki na 10: Ɗauka da ajiya

Mai lamba ba ta son rana. Ka bar ta kan kwano rabin awa gilashinta ya yi baƙi, ko da yake yakan washe a inuwa. Ƙura kuma tana shiga ƙarƙashin majuyin, ta sa lambobi su yi ta yawo. Ka buɗe lokaci-lokaci ka share da busasshen burushi, ka kula da ƴan ƙwallayen ƙarfe biyu da ke ciki, in suka faɗa yashi sun tafi ke nan. In fis ta ƙone ka sa irinta, ba zaren waya ko takardar sigari ba.

Mai allura ita ce ba ta jure babur. Hanyar yashi da gargada daga Korgom zuwa ƙauyuka tana iya tsinke abin da allurar ke rataye a kai. Ka mai da majuyin kan OFF, in babu ka sa shi a gurbin amfiya mafi ƙanƙanta ka haɗe wayoyin biyu, hakan yana riƙe allurar kada ta yi ta lilo. Kada ka bar ta a gurbin om, bakin wayoyin su haɗu a jaka su shanye batir. Tawa a tsohon rawani nake naɗe ta, in rataya jakar a kafaɗa, ba na ɗaure ta a kariyar baya tare da filaya da guduma.